Filin da ke tsakanin benayenmu

Tagar kicin ɗinmu tana hawa na uku, kuma tana kallon filin da ke tsakanin benaye shida na rukunin gidajenmu. Shekara 31 ke nan ina leƙen wannan fili, tun ina taka kujera kafin idona ya kai gilashi. Duk wanda ya tambaye ni yaushe gidajen nan suka tsufa, filin nake nuna masa. Shi ya fara mutuwa, da daɗewa kafin fenti ya fara ɓarewa a bango, kafin rufi ya fara yoyo.

A kan idona abin ya faru, kuma a hankali ya faru. Da muka tare akwai ciyawa, da lilo biyu, da bencin katako uku. Sarƙar lilo ɗaya ta tsinke, aka bar ta wata da watanni, daga baya aka zo aka kwance ɗayan ma don kada yaro ya ji ciwo, aka bar ƙarafan a tsaye. Wani ya hau gefen ciyawa da motarsa don ya sauke kaya, bai ga wanda ya ce masa uffan ba, washegari ya sake. Cikin shekara biyu rabin filin ya zama wurin ajiye motoci, ƙasa ta danƙare ta koma kamar daɓe. Aka jefar da tsohuwar katifa a bayan bene na shida, sai ga mataccen firji ya biyo ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fitilun waje suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama idan dare ya yi mahaifiyata ta gwammace ta zagaya ta bakin titi, tafiyar minti biyar, da ta ratsa filin da zai kai ta ƙofa cikin minti ɗaya. A ƙofar bene na huɗu kuwa, duk ruwan da aka yi sai ya kwanta kwana uku. Bulo bakwai aka jera ana takawa, kuma yaran da aka haifa a benen ba su san wata hanyar shiga gida ba sai wannan.

Shekara huɗu da suka wuce hukumar da ke da gidajen ta ware kuɗin gyara, aka ce wani kaso na fili ne. Ni na fi kowa adawa. Na shiga kwamitin mazauna ne musamman don in ce a bar maganar furanni, a gyara mana rufi da famfo. Har yau ban janye rabin maganar ba, domin gidan da ke yoyo ba zai jira bishiya ta girma ba. Amma ɗaya rabin na janye shi, kuma dalilin janyewar nake so in rubuta, don na san akwai dubban rukunin gidaje masu shekarun namu, kowanne da irin filinmu kwance a tsakiyarsa.

Wadda aka turo mana mace ce mai matsakaicin shekaru, aikinta tsara filaye da lambuna. Injiniya muke ce mata, ko da yake ta sha gaya mana ba shi ne sunan aikin ba. Mun zaci za ta zo da hotuna masu sheƙi ta liƙa a bango. Mako biyu ta yi ba ta ja layi ko ɗaya ba. Da sassafe tana zaune a kan ɗan dakalin bene na biyu da taswirar filin a cinya, da rana tsaka tana nan, bayan magariba tana nan. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na hango ta daga tagata cikin rigar ruwa tana bin kwararar ruwan a ƙafa, tana tsayawa inda ya tsaya. Biro uku take riƙewa: ja na inda ƙafafu ke bi, shuɗi na inda ruwa ke bi, kore na inda inuwa ke faɗawa da safe, da azahar, da la'asar. Da ta shimfiɗa mana takardar a taro, ba wani abu a cikinta da ba mu sani ba. Kowa ya san inda ruwa ke kwanciya, kowa ya san lungun da ake tsoro. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu ga dukansu tare a fuska ɗaya. Ta ba mu biron ta ce mu gyara mata inda ta yi kuskure, kuma mun gyara wurare da dama, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Jan layin da ya fi kauri a taswirar shi ne wata 'yar siririyar hanya da ƙafafu suka fitar da kansu, ta yanke filin a karkace daga ƙofar bene na ɗaya zuwa tashar mota. Sau biyu a baya an kafa waya don a hana bi, sau biyu ana danne ta. Injiniya ta ce mutanen da suka shekara 30 suna bin wuri ɗaya sun riga sun gama zana hanyarsu, abin da ya rage a shimfiɗa musu ita. Aka yi mata daɓe mai faɗin mita biyu, yadda keken guragu da keken jariri za su gifta juna, aka jera fitilu gajeru masu haska fuska maimakon dogaye biyu masu kashe ido su bar duhu a tsakani. Tsohuwar hanyar siminti mai kusurwa, wadda ba mai bi, aka fasa ta aka mayar da wurin ƙasa.

Sai da abin ya shiga raina na fara karance-karance na gane cewa ba sakaci ne kaɗai ya kashe filinmu ba, da cutarsa aka haife shi. A shekarun 1920 da 1930 wasu manyan masu zanen gini a Turai, Le Corbusier a kan gaba, sun dubi unguwannin ma'aikata masu duhu da cunkoso da tarin fuka, suka ce mafita ita ce a ɗaga gidaje sama a bar ƙasa ta zama lambu, kowa ya sami iska da hasken rana. Niyya ce mai kyau, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu birane da yawa sun bi ta. Abin da ba a lissafa ba shi ne wa zai share lambun, wa zai tsawatar idan an ɓata shi. A Bijlmermeer da ke kudu maso gabashin Amsterdam a ƙasar Holan, inda aka fara tarewa a 1968, an gina manyan benaye 31, yawancinsu jere da siffar saƙar zuma, a tsakiyar ciyawa da tafkuna, aka ɗaga titunan mota sama don mai tafiya a ƙasa ya huta da su. Sai mai tafiyar ya wayi gari shi kaɗai, ba shago, ba ƙofar gida, ba direban da zai gan shi idan an tare shi. A tsakiyar shekarun 1980 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ba kowa a ciki. Da aka fara gyaran unguwar daga 1992, cikin manyan abubuwan da aka yi akwai sauko da titunan ƙasa, da rage filin da ba shi da mai shi, aka mayar da wani ɓangarensa gidaje masu ƙofa a bakin hanya da ɗan lambu a baya.

Wannan maganar ta mai shi ita ce zuciyar abin a wurina. Wani mai zanen gini, Oscar Newman, ya gwada ta a Clason Point, rukunin gidaje 400 a Bronx ta birnin New York, a farkon shekarun 1970. Bai rushe komai ba. Ya sa shinge ya kewaye bayan gidaje, ya sa ɗan dakali ya raba gaban kowane gida da hanya, ya faɗaɗa babbar hanyar tsakiya ya sa mata fitilu da wuraren zama. Mafi yawan filin da a da na hukuma ne ya koma ƙarƙashin idon iyalai, suka fara shuka ciyawa da kansu, laifuka suka ragu. An soki wasu ra'ayoyinsa daga baya, musamman inda aka mayar da su hujjar katange mutane kamar fursunoni, kuma sukar tana da tushe. Amma ƙaramin darasin ya tsaya: mutum yana kula da abin da ya san nasa ne.

A nan muka yi rigimarmu ta farko. Injiniya ta ba da shawarar a yanki mita uku a gaban kowane gidan da ke hawa na ƙasa, a kewaye shi da shingen shuka mai tsayin gwiwa, ya zama na masu gidan. Mu na sama muka tashi tsaye. Akwai wata dattijuwa a ƙasan bene na biyu da duk muke kira Inna, na same ta bayan taro na ce, "Inna, ki yi haƙuri, amma wannan ba adalci ba ne. Fili na kowa ne, yaya za a yanka a ba ku?"

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, shekara nawa yana na kowa? Ka taɓa ganin kowan ya fito da tsintsiya?" Sai ta ja ni ta nuna mini tagarta. "Shekara 20 labulen nan a rufe yake dare da rana, don duk mai wucewa idonsa a cikin ɗakina. Ku kuna sama kuna shan iska, ni ina zaune a duhu."

Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma kullum ina wuce tagar. Aka daidaita a kan cewa na ƙasa su sami mita ukunsu, mu na sama a yanka mana fangali-fangali na shuka a kudancin filin inda rana ke daɗewa, duk mai so ya rubuta suna, wanda ya bar nasa ya bushe wata shida a ba na bayansa. Yau labulen Inna a ɗage yake. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba, domin taga mai buɗaɗɗen labule ido ce a kan hanya, kuma a hawa na ƙasa kaɗai muna da irinta fiye da 30.

Ruwa ya fi komai ba ni mamaki, don lissafinsa mai sauƙi ne amma ban taɓa yin sa ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin bene ɗaya namu ya kai murabba'in mita 500, ke nan ruwan milimita 20, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne, lita 10,000 yake saukewa ta bututu huɗu cikin sa'a guda. A ninka sau shida, a ƙara wanda ke gudu a kan danƙararriyar ƙasa, duk ya nufi tsohuwar magudana ɗaya da aka gina tun ana da ciyawa mai shanye rabinsa. Dole ya kwanta a ƙofar bene na huɗu, don nan ne gangaren ya ƙare.

Injiniya ta kawo mana labarin Augustenborg a birnin Malmö na ƙasar Suwidin, unguwar da aka gina tsakanin 1948 da 1952, wadda ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa suka riƙa cika da ruwa ana ta ƙaura daga cikinta. Daga 1998 suka cire bututun rufi daga magudanar ƙazanta, suka bar ruwan ya bi ta sarari: 'yan ƙananan hanyoyin ruwa da tsawonsu ya kai kilomita 6, da tafkuna 10, da rufin da aka shuka wa ciyayi masu riƙe ruwa. Unguwar ta ci kyautar World Habitat ta ayyukan gidaje a 2010, kuma da aka yi mamakon ruwa a Malmö ranar 31 ga Agusta 2014, ɓarnar da ta same ta ba ta kai ta unguwanni masu kama da ita ba. Namu bai kai ko kusa da wannan girman ba. Kwari biyu marasa zurfi aka haƙa, zurfin kamar taƙi ɗaya, nesa da harsashin gini da fiye da mita uku, aka cika su da haɗin yashi da taki da ƙasa, aka shuka ciyayin da ke jure jiƙa da fari, aka karkato bututun rufi zuwa cikinsu ta 'yar kwata mai tsakuwa. Tsohuwar magudana tana nan, amma yanzu rarar ruwa kawai take karɓa.

Mutane sun ji tsoron sauro, kuma suna da gaskiya su tambaya. Amsar da ta gamsar da ni gwaji ce. Aka haƙa rami a gabanmu, aka cika shi da ruwa, aka kafa sanda mai alama, muka dawo washegari muka tarar ya tsotse. Ƙa'idar irin wannan kwari ita ce ya shanye ruwansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, shi kuwa sauro yana bukatar kusan mako guda a ruwa kafin ya tashi daga ƙwai ya yi fiffike. Tsofaffin tayoyi da gwangwanayen da ke bayan bene na shida su ne gonarsa ta gaskiya. A wuri na uku da aka gwada ruwan bai sauka ba har kwana uku, ƙasar yumɓu ce, sai aka fasa yin kwari a nan.

Bishiyoyi kuwa, a kansu muka sha kashi, kuma har yanzu yana mini ciwo. An ba wani ɗan kwangila dashen bishiya 40. Cikin kwana biyu ya gama, aka ɗauki hoto, kowa ya ji daɗi. Kafin shekara ta zagayo 26 sun bushe. Ina wurin da aka tono ɗaya don a ga dalili. Ramin bai fi girman bokiti ba, bangonsa sumul kamar tukunya, saiwoyin sun zagaye kansu a ciki sun kasa huda waje. Taƙi ɗaya a ƙasa shebur ya ci karo da fasassun bulo da guntayen ƙarfe da dunƙulen siminti, ɓaraguzan da magina suka binne tun lokacin ginin, suka yafa ƙasa a kai. An kuma nutsar da wuyan bishiyar cikin ƙasa, inda ya kamata ya zauna daidai da fuskarta, sai ɓawon ya ruɓe. Ban ruwa sau biyu aka yi, aka tafi.

A ranar na koyi cewa mafi yawan saiwar bishiya a cikin santimita 60 na saman ƙasa take, tana tafiya gefe ne fiye da ƙasa, kuma tana numfashi. Ƙasar da mota ta shekara 20 tana dannewa ba iska a cikinta, ko ruwa bai shiga. A birnin Stockholm saboda wannan matsalar suka ƙirƙiro hanyar shimfiɗa manyan fasassun duwatsu a ƙarƙashin daɓe, a cusa gawayi da taki a tsakaninsu, duwatsun su ɗauki nauyin abin da ke sama, saiwa ta bi ramukan. Mu ba mu da kuɗin wannan. A dashe na biyu an rage yawan zuwa 18, aka kashe kuɗin a ƙasa: aka kwashe ɓaraguzai, aka fasa danƙararren wuri da faɗi, aka yi dogon rami ɗaya da bishiyoyi uku ko huɗu za su raba maimakon kowace da ɗan kurkukunta, aka rufe sama da ɓawon itace ba tare da ya taɓa gindi ba. Kowane bene ya ɗauki uku, aka rubuta sunayen masu ban ruwa a ƙofa. Ƙaramar bishiya tana bukatar hannu shekara biyu zuwa uku kafin ta tsaya da ƙafarta. 17 suna raye. An kuma gauraya iri, don akwai tsohuwar shawarar da wani masanin bishiyoyi, Frank Santamour, ya bayar a 1990 cewa kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na bishiyoyin gari. Garuruwan Turai da Amurka da suka jera iri ɗaya a titunansu sun ga yadda cuta guda ta share su a ƙarnin da ya wuce.

Akwai tsohuwar bishiya ɗaya da ta tsira tun farkon ginin, a kusurwar bene na biyar, motoci suna kwana a gindinta. Injiniya ta fi damuwa da ita a kan duk sababbin. Ta auna kaurin gangar jikinta, santimita 70, ta ninka sau 12 kamar yadda ƙa'idar Ingila ta kare bishiya a wurin gini ta tanada, ta ja da'ira mai nisan sama da mita 8 daga gindi, ta sa aka kewaye ta tun kafin motar haƙa ta shigo. Ba ajiye yashi, ba haɗa siminti, ba wucewar taya. Na ga ta tsayar da aiki rabin yini saboda wani ya jibge bulo a ciki. A lokacin na ga kamar ta cika tsanani. Yanzu idan na taɓa daɓen da ke rana na taɓa wanda ke ƙarƙashinta da azahar sai in tuna abin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta rubuta, cewa wurin da ke inuwa kan fi wanda ke rana sanyi da digiri 11 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Bishiyoyinmu 17 sai sun yi shekara 20 kafin su ba da abin da ita kaɗai ke bayarwa yau.

Masu tsoron cewa shuka za ta zama maɓoyar ɓata-gari ma an saurare su. Wasu masu bincike biyu, Frances Kuo da William Sullivan, sun duba benaye 98 a rukunin Ida B. Wells na Chicago, suka wallafa a 2001 cewa waɗanda ke da bishiyoyi da ciyawa sosai a kewayensu an kai rahoton laifi ƙasa da na marasa shuka da kashi 52 cikin 100. Dalilin da suka bayar mai sauƙi ne: inuwa tana fito da mutane waje, mutane kuma idanu ne. Amma irin shukar tana da muhimmanci. Ƙa'idar da aka bi mana ita ce shinge kada ya wuce ƙugu, reshen bishiya kada ya sauko ƙasa da kai, tsakaninsu ido ya wuce sarai.

Benci ya jawo surutu fiye da girmansa. Wasu suka ce zai tara zauna-gari-banza a ƙarƙashin tagoginsu. Aka sa su nesa da tagogin kwana, a bakin hanyar da ake bi, bayansu da shinge, fuskarsu ga wurin wasan yara, kowanne da majingina da madafar hannu, don tsoho ba ya iya tashi daga benci mara madafa. Wurin wasan kansa an matso da shi tsakiya. Jan Gehl, mai tsara birane ɗan ƙasar Denmak, ya nuna cewa a nisan kusan mita 25 ne ake iya karanta yanayin fuskar mutum, kuma daga hawa na biyar zuwa sama alaƙar mai taga da ƙasa takan yanke. Mu hawa biyar gare mu, saboda haka kusan kowace uwa tana iya ganin ɗanta ta kira shi ya ji. Motoci kuwa an mayar da su gefen titi a layi, an rasa gurbi tara, kuma akwai maƙwabcin da har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Abin da na fi alfahari da shi ba a ganinsa a hoto. A zanen farko hukuma ta so a sa famfon ado mai feshin ruwa a tsakiya, abin da za a yanke ƙyalle a gabansa. Kwamitinmu ya ƙi. Na karanta musu labarin Pruitt-Igoe a St. Louis ta Amurka, benaye 33 masu hawa 11 da aka gama a tsakiyar shekarun 1950 aka fara rushewa a 1972. An zaftare kuɗin shuka da wuraren wasa tun wajen gini, sannan aka ɗora kuɗin kula da gidajen a kan haya kaɗai, da masu haya suka ragu sai gyara ya tsaya, da gyara ya tsaya sai suka ƙara raguwa. Na kuma kawo musu abin da masu zanen gini Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal suka yi a 1996, da aka ba su aikin ƙawata dandalin Léon Aucoc a Bordeaux ta Faransa. Suka je suka zauna, suka yi hira da mazauna, suka dawo suka ce dandalin yana da kyau yadda yake: a sabunta tsakuwa, a riƙa shara akai-akai, a yi wa bishiyoyi magani. Aka bi shawararsu. Mu ma kuɗin famfon adon aka mayar albashin mai lambu na shekara uku, da ɗan ɗakin ajiye tiyo da baro da almakashin shuka, da famfo biyu na ban ruwa. Shekara ukun za ta ƙare a watan gobe, kuma har yanzu ana ja-in-ja kan wanda zai ci gaba da biya.

Akwai tsoro ɗaya da ban rabu da shi ba. Wuri idan ya yi kyau, idon masu kuɗi yakan faɗo kansa. Heygate a kudancin Landan gidaje ne sama da 1,200 da ɗaruruwan manyan bishiyoyi a tsakaninsu. An rushe shi tsakanin 2011 da 2014 da sunan farfaɗowa, kuma gidajen haya mai rahusa irin ta da da aka mayar a wurin ba su kai 100 ba. Akwai lambu mai kyau a can yanzu, amma mafi yawan waɗanda suka rayu a tsohon wurin ba su ne ke zama a cikinsa ba. Ga kuma Grand Parc a Bordeaux, inda su Lacaton da abokan aikinsu suka gyara gidaje 530, suka ƙara wa kowanne baranda mai faɗi da ɗakin gilashi na shan rana, mutane suna cikin gidajensu aka yi aikin, kuma ba a ƙara musu haya ba. Duka biyun gyara ake kiransu. Mun nemi hukuma ta rubuta mana cewa aikin fili ba zai zama dalilin ƙarin haya ba, ta rubuta na shekara biyar. Inna ta tambaye ni, "To bayan biyar ɗin fa, ɗan nan?" Na ce mata za mu koma mu sake zama da su tun kafin lokacin, kuma na sa ranar a kalandar kwamiti.

Bayan bene na shida har yanzu bai gyaru ba. An kwashe katifa da firji, an shuka ciyawa, amma ba ƙofar da ke buɗewa ta can, ba tagar da ke kallonsa sai ta banɗaki, kuma shara ta fara dawowa. Injiniya ta faɗa tun farko cewa shuka kaɗai ba za ta riƙe wurin ba, sai an ba shi aiki. Wasu na son a mayar da igiyoyin shanya can, wasu matasa na son wurin gyaran keke. Ranar Asabar za mu zauna a kai.

Daren jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba na leƙa ta tagar kicin, kwarin da ke gaban bene na huɗu ya cika fal, ciyayin sun nutse sai kawunansu. Da na dawo daga aiki da la'asar ruwan ya sauka, saura laima da 'yan ganyayen da ya bari a jikin tsakuwa. Mahaifiyata tana kan bencin da ke kusa da tsohuwar bishiya, sandarta a jingine da madafa, ita da Inna suna gardama kan ko fangalin wani yaro na hawa na huɗu ya cika wata shida ba ban ruwa.